Hotunan Kamun Jamilatu

"Ba ni hwaɗin haka, Baba."

Alhaji Attahiru ya cire tabarau daga idonsa, ya ninke shi a hankali, ya aza a hannun kujera. Shekara talatin da biyar ya yi yana aikin mulki kafin ya ajiye, ko a ofis bai saba maimaita umarni ba, balle a cikin gidansa.

"Uwata," ya ce. Haka yake kiranta tun tana zanen goyo, domin sunan mahaifiyarsa ta ci, bakinsa ba ya iya furta Khairiyya. "Ban ji ki da kyau ba."

"Ka ji ni, Baba. Na ce ba ni hwaɗi."

Gwaggo Yelwa, ƙanwar mahaifinta, ta tafa hannu daga kan tabarma. "La'ilaha illallahu! Yaya, ka ga abin da boko ka yi ko? Ido cikin ido!"

"Yelwa, dakata." Ya juyo ga 'yarsa. "Bari in sake, ko Allah na sa ki gane. Gobe bayan Azahar surukan Jamilatu za su taho daga Araba. Za su tambaya wane namiji yag ga hotunan amaryassu hal sunka watsu cikin wayoyi. Ki ce yaron nan Sharafuddeen kinka ba katin kyamara. Magana guda ta. In sun tashi ki kawo mani kyamarag ga in ajiye."

Khairiyya ta ƙara damƙe igiyar kyamarar da ke rataye a wuyanta. A durƙushe take, amma kanta ba a sunkuye yake ba.

"Ban ba shi ba, Baba. Ranar ma ba shi ƙasag ga. Shina Galmi wurin albasa."

"Na sani."

Wannan kalma ita ta fi yi mata ciwo. Da ya ce bai sani ba, da ta samu abin yi, ta yi ta rantsuwa har ya yarda.

"To ka san wanda nib ba ke nan."

"Kak ki kuskura ki ambaci ɗana!" Gwaggo Yelwa ta yunƙura. "Walle kak ki kuskura!"

"Faruk ya yi wauta," in ji Alhaji Attahiru, muryarsa a kwance. "Ya amsa gabana, na yi mai hwaɗan da ban taɓa yi ma kowa ba. Amma ki yi tunani. In mutanen Araba sunka ji wan amarya na da kainai yat tura hotunan, wane ido za su duba gidanmu da shi? Auren ko wata bai yi ba. Shi ko wancan yaro, rabin shekara Ƙonni shika yi. Mi za shi rasa?"

"Sunanai, Baba."

"Suna!" Gwaggo ta yi tsaki. "Ɗan mai albasa hal wani suna gare shi?"

Alhaji Attahiru ya mayar da tabaraunsa. "Goron gidansu na nan ɗakin uwakki. Ban raba ba, ban maida ba. In kinka yi abin da nic ce, magana tak kwanta, sai a duba."

Khairiyya ta dube shi, ta daɗe tana dubansa. Sannan ta miƙe, ta ce, "Allah shi huci zuciyakka, Baba," ta fita da kyamararta.

Wata biyar da suka wuce ba ta san ta inda ake riƙe kyamara ba. Malamar kimiyya ce a wata makarantar 'yan mata, shekararta ashirin da shida, da takardar kwaleji a ƙasan akwati. Abin da ya ja ta ga hoto wani haushi ne da ta daɗe tana ji a gidajen biki. Mata sun sha lalle da kitso, an kunna kiɗa, ana cikin rawa sai a ce ga mai hoto nan. Namiji. Kowa ta rarumi mayafi ta ƙame kamar za a yi mata hoton katin zaɓe. Khairiyya ta ce a ranta, da mace ce ke riƙe da abin nan, da an ga yadda matan Illela ke dariya.

Sharafuddeen ta fara gaya wa. Ɗan Alhaji Halliru mai albasa ne, a Ƙonni ta Nijar ya yi lakwal, wato bokon Faransanci, yana yaro kuma ya taɓa zama a shagon wani tsohon mai hoto. Shi ya samo mata kyamara ta hannu a can da abin da ta tara daga albashinta. Baƙa ce, mai ɗan nauyi, irin ta masu fara koyo, da gilashi guda da ake murzawa ya jawo abu kusa ko ya tura shi nesa. Rubutun cikinta kaf Faransanci ne.

A rumfar albasar mahaifinsa ya koya mata, duk Asabar da hantsi, a gaban idon kowa.

"Hannun hagu ƙarƙashin gilashi, Malama, ba bisa ba. Matse gwiwar hannu ga jiki. Ba tiren tuwo na kika ɗauka ba."

"Ka ga ina kama da mai ɗaukar tire?"

"Danna rabi. Jira ta yi ƙara. Yawwa, yanzu ida."

Ya nuna mata ɗan faifan da ke sama, ya ce ta bar shi a kan koren alama tukuna, kyamarar ta yi mata tunani. Ya ce ta sa rana a bayanta, kada ta sa mutum ya ba taga baya, fuskarsa za ta fito baƙa ƙirin. Ta ɗauki albasa har ta gaji da ganin albasa. Na farko duk sun fito dishi-dishi kamar ta ɗauka tana gudu. Ran nan kawai sai ga wata ta fito fes, ɓawonta ja yana sheƙi, buhunan da ke bayanta sun narke sun zama inuwa. Ta yi ihu har masu lodi suka waiwayo.

"Abu guda," ya ce mata. "Kak ki shiga cikin rubutun ga ki taɓa abin da ba ki sani ba. Ki tambaye ni."

"Ni da nika koyar da 'yan mata sittin?"

Ya yi dariya kawai.

Cikin waɗannan Asabar ɗin ne maganar ta yi nisa, har gidansu suka kawo goron gaisuwa. Alhaji Attahiru ya karɓa da fara'ar da ake yi wa baƙon ofis. Su gidan alƙalami ne tun kakanni, mutanen da ƙafarsu ɗaya ke Nijar ɗaya ke nan ba su cika masa ido ba. Bai raba goron ga dangi ba, wanda shi ne alamar an yarda. Bai mayar ba, wanda shi ne alamar an ƙi. Ya sa aka ajiye.

Sai bikin Jamilatu ya zo, 'yar Gwaggo Yelwa, ƙanwar Faruk. Shi ne aikinta na farko. Ranar kamu ta tsaya a tsakar gida gaban mata sun fi ɗari, ta ɗaga kyamarar sama.

"Yau mace ka ɗauka," ta ce. "Babu namijin da za shi ga hotunan ga. Na yi muku alkawali. Ku sake!"

Suka kuwa sake. Mayafai suka sauka. Tsofaffin da ba a taɓa ganin haƙoransu a hoto ba suka shiga fili. Jamilatu ta cire ɗankwali don a ga kitsonta, ta yi rawa tana dariya har hawaye.

Abin da Khairiyya ba ta gaya wa kowa ba, da safen ranar ta shiga cikin rubutun nan. Ta ga wani jeri da lambobi a gefe, ta gane girman hoto ne, ta zaɓi wanda ya fi duka girma, don Jamilatu ta cancanci mafi kyau. Ba ta san ta zaɓi abin da masu sana'ar ke kira ɗanyen hoto ba, wanda wayarta ba ta iya buɗewa, sai kwamfuta ta dafa shi. A bayan kyamara ga su nan ras. Ta sa katin a waya, babu komai sai fararen akwatuna.

Sharafuddeen yana Galmi, wayarsa ba ta shiga. Ƙawayen amarya sun hana ta sakat. A kwana na biyu ta tuna Faruk yana da kwamfuta. Ta ce wa kanta ai ɗan gida ne, wan amarya ne. Ya karɓi katin da murmushi, ya ce ta dawo bayan La'asar.

Kwana huɗu bayan nan, hoton Jamilatu ba ɗankwali yana cikin wayar 'yan kabu-kabu a tashar Araba.

Tana fitowa daga wurin mahaifinta ta ishe Faruk a soro, ya jingina da bango cikin farar shadda, yana kaɗa makullin mota a yatsa. Shekara biyu yana nemanta, shekara biyu tana ce masa wa ne a wurinta ba wani abu ba.

"Ƙanwata, an gama hushin?"

"Matsa in wuce, Yaya Faruk."

"Ki saurare ni. Ukku ɗai nit tura, kuma ga manyan gida ɗai. So nike su gani da idonsu abin da kyamarar ɗan albasa ka jawowa, su hana ki. Ban san wani za shi tura gaba ba."

"Ƙanwakka ta. Uwa ɗaya uba ɗaya."

Ya kau da kai. "Kuskure na. Kowa na yi. Amma wa yak kawo kyamara cikin gidan ga? Ni?"



Ya sassauta murya, ya matso. "Duba, Khairi. Bayan gobe, ko mi kinka hwaɗi, babu mai bikin da za ta sake kiran ki. Gari ya ɗauka. Samari za su ja baya. Ni ko ina nan inda nike, ban canza ba. Ni ba ni ƙyamakki."



"Ba ka ƙyamata," ta ce. "Ka kunyata ƙanwakka, za a aza ma wani, sannan ka taho ka yi mani alhwarmar aure. Yaya Faruk, ko kati ba ni ƙara ba ka ajiya, balle kaina."

Ta ture shi da kafaɗa ta wuce.

Ana shirin kiran Magariba wayarta ta yi ƙara. Jamilatu ce. Tun kafin ta yi magana Khairiyya ta ji shessheka.

"Yaya Khairi, kwana ukku bai ci abincina ba. In ya shigo bango shika duba. Matan gidan in na hito sai su yi shiru."

"Jamila, ki gahwarce ni. Ni nic ce ki sake. Ni nib bar katin ya bar hannuna."

"Ba wannan nika so ba. Don Allah gobe ki hwaɗi abin da Kawu yac ce."

Khairiyya ta runtse ido. "Kin san wa yay yi?"



"Na sani," in ji Jamilatu. "Shi yas sa nika roƙonki."

Wayar ta mutu. Khairiyya ta zauna a bakin gado da ita a hannu, ta yi kukan da ta ƙi yi a gaban mahaifinta.

Washegari Asabar ce. Da hantsi ta tafi rumfar albasa kamar yadda ta saba. Ana lodin babbar mota don kasuwar Lahadi, wari ya cika wurin, ana cinikin wani kaya da sefa a gefe. Sharafuddeen yana ganinta ya bar masu lodi, ya jawo mata benci, shi ya zauna a kan buhu nesa kaɗan. Idanunsa sun faɗa.

"Alhaji babanki ya aiko an kira ni jiya," ya ce. "Ya hwaɗa mani komi."

"To ka ji irin zaluncin da aka shirin yi maka."

"Ki ce ni na, Malama."

Ta ɗauka kunnenta ne. "Mi kac ce?"

"Ki ce ni kinka ba. Na yarda. Na ce mai na yarda."

"Kai ma?" Ta miƙe tsaye. "Kai ma, Sharafu? Jiya na tsaya gaban ubana don kai, ashe kai ka riga ka durƙusa!"

"Zauna, mutane na kallo."

"Su kalla!"

"Zagi na ɗai. Kwana nawa za shi yi? In ƙetara Ƙonni wata ukku, huɗu, in dawo an manta. Alhaji ya ce za shi duba maganammu."

"Duba!" Ta yi wata dariya mai ɗaci. "Mako bakwai goronku na ɗakin Inna, kullum tana yayyahwa mai ruwa kak shi bushe. Kana da suna mai kyau ba a raba ba. Ran da gari yac ce kai ka watsa hotunan matan aure, ranar za a raba? Wane uba ka ba irin wanga mutum ɗiya?"

"Na san wannan."

"To?"

"In kinka ƙi, ƙohwa ta ruhe gaba ɗai, yau yau. In kinka yarda, ko ɗan hili kamar na allura na nan. Ni shi nika riƙo."

"Mahaihiyakka hwa? In ta shiga gidan suna, da wace huska? Ƙannenka mata ukku, wa za shi aiko musu da goro in anka ce ga aikin wansu?"

Ya sunkuyar da kai. Ya ɗauki wata albasa yana jujjuya ta a hannu. Da ya ɗago, ruwa ya cika masa ido, bai kuma ɓoye ba.

"Ni ke nika so, Khairiyya. Ba suna ba."

Shi ne karo na farko da ya kira ta da sunanta. Ta koma kan benci.

"Ni ko da sunanka nika son ka," ta ce a hankali. "In na ɓata shi da bakina, ko an ba ni kai, kullum na dube ka sai in ga ƙaryar da niy yi. Ba ni iyawa, Sharafu. Ka gahwarce ni, ba ni iyawa."

Masu lodi na ta kiran lamba, motar na ta cika.

Can ya miƙa hannu. "Kawo ta."

Ta ciro kyamarar daga wuya ta ba shi. Ya kunna, ya shiga cikin rubutun, ya juyo mata da ita.

"Ga inda kinka taɓa. Ga wanda ya kamata. Danna biyu ɗai."

Danna biyu. Ta ciji leɓe.

Bai mayar mata ba. Ya ƙara shiga wani wuri, ya gangara, ya danna. Rubutun duk ya juye ya koma Turanci. Ta ƙura masa ido, tana karanta kowace kalma ba tare da taimakon kowa ba.

"Dama ana iya wannan?"

"Tun ranar hwarko."

"To dommi ba ka yi ba?"

Ya kasa dubanta. "In kina karantawa da kanki, mi za shi kawo ki rumhwar albasa dut Asabar?"

Ta so ta kwaɗa masa kyamarar a ka. Ta so ta yi dariya. Hawaye ne suka riga su duka.

"Kai ma da naka laihin ashe."

"Shi yas sa nic ce ki aza mani."

"Wanga laihin naka, ni ɗai ka yi ma. Ni ka hukunta shi, ba mutanen Araba ba." Ta karɓi kyamarar, ta rataya, ta share fuska da bakin hijabi. "Sai an jima."

"Malama..."

Ba ta waiwaya ba. Ta san in ta waiwaya ba za ta iya sauran ranar ba.

Bayan Azahar mutanen Araba suka iso. Hajiya Lubabatu, uwar ango, doguwar tsohuwa mai carbi a hannu, da mata biyu, da ƙanen mijinta. Aka shimfiɗa musu darduma a falo, aka kawo ruwa da fura ba wanda ya taɓa. Gwaggo Yelwa na gefe tana ta sannu da zuwa. Faruk ya zauna kusa da ƙofa, hularsa a kan gwiwa.

Khairiyya ta shigo da kyamarar a wuya. Ta ga mahaifinta ya dubi kyamarar, ya dubi fuskarta. Ta durƙusa ta gai da baƙi ɗaya bayan ɗaya.

"Uwata," ya ce, "hwaɗa musu."

Ta fuskanci tsohuwar.

"Hajiya, laihin hwarko nawa na. Na tsaya gaban mata na yi alkawali babu namijin da za shi ga hotunan, sannan na saɓa. Sabuwar koyo nike, na taɓa abin da ban sani ba cikin kyamara, hotuna sunka ƙi buɗewa, nid ɗauki kati nib ba namiji shi gyara. Jamilatu ba ta da laihi ko ƙanƙane. Cikin mata 'yan'uwanta tay yi rawa, bisa amanata. In akwai wadda za a hukunta, ga ni."

Hajiya Lubabatu ta ja carbi ɗaya. "Mun ji. Wane namiji? An ce muna ɗan Halliru mai albasa."

Khairiyya ta ji numfashin Gwaggo Yelwa a bayanta. Ta ji muryar Jamilatu a waya. Ta ga ɗan filin nan kamar na allura da Sharafuddeen ke riƙo.

"Ba shi na ba," ta ce. "Bai taɓa katin ba. Bai ga hoto ko guda ba."

"Uwata!"

"To wa?" in ji tsohuwar.

"Wanda nib ba shina cikin ɗakin ga, Hajiya, shina ji na. Namiji na, shina da baki. Ba ni ara mai nawa."

Maza uku ne a falon. Ɗaya mai gida ne, ɗaya tare da baƙi ya zo. Hajiya Lubabatu ta juya kanta a hankali har idonta ya tsaya a bakin ƙofa. Faruk ya dubi hularsa kamar yau ya fara ganin aikin da ke jikinta. Aka jira shi. Bai ce uffan ba.

Gwaggo Yelwa ta ɗora hannu a ka. "Ta kashe ni! Yaya, ɗiyakka ta kashe ni!"

Tsohuwar ta dafa gwiwa ta miƙe, sauran suka bi ta.

"Alhaji, mun taho neman gaskiya, mun samu, ko da ba daga inda munka zata ba. Jamilatu na ɗakinta, ba mu kore ta ba. Abin da za a yi, mijinta za shi hwaɗi, ba ni ba." Ta nuna Faruk da carbi ba tare da ta dube shi ba. "Wanga ko, kak shi sake taka muna gida." Ta tsaya a gaban Khairiyya. "Ke kuma, ba ki yi ƙarya ba, Allah shi saka maki. Amma kak in sake ganin ƙarhen ga ga bikin danginmu."

Suka fita. Gwaggo Yelwa ta bi su tana roƙo har soro. Faruk ya sulale. Aka bar uba da 'ya.

Alhaji Attahiru bai ɗaga murya ba. Ya daɗe yana kallon furar da ba a sha ba.

"Ke," ya ce.

Ta jira sauran sunan. Bai zo ba.

"Tahi ki ce ma uwakki ta hiddo goron nan. A kira mai kabu-kabu shi maida gidan Halliru. Muddin ina numhwashi, ba a sake kawo mani goro daga gidan nan."

"Baba, shi bai yi komi ba."

"Ban ce ya yi ba."

Ta ciro kyamarar daga wuya da hannu biyu. "Ga ta, in ita kaka so."

"Riƙe abinki. Ita kinka zaɓa."

Innarta ta fito da huhun goron da kanta, ganyensa har yanzu da danshin ruwan safe. Ta dafa kafaɗar Khairiyya sau ɗaya a hanya. Mai kabu-kabu ya ɗaure shi a baya da roba, ya tambaya ko gidan Alhaji Halliru na bayan kasuwa, aka ce masa shi.

Khairiyya ta tsaya a ƙofar gida. Rana na bayanta. Ta sa hannun hagu ƙarƙashin gilashi, ta matse gwiwar hannu a jiki. Ta danna rabi, ta jira ƙarar, ta ida. Ta duba bayan kyamarar. Goron ya fito fes, layin gidansu ya narke a bayansa. Ta cire katin ta sa a waya, hoton ya buɗe nan take.

Ta tsaya riƙe da shi har ƙarar babur ɗin ta ɓace. Ba ta yi ƙarya ba, kuma da za a sake tara mutanen nan gobe, abin da ta faɗa shi za ta sake faɗa. Amma ta san abin da ya ci mata. Babu gidan biki a Illela da zai sake buɗe mata ƙofa. Auren Jamilatu yana hannun mijin da ke kallon bango. Mahaifinta ya daina kiranta Uwata. Sharafuddeen kuwa sunansa ya fita tas, shi ne kuma mutumin da ba za a taɓa ba ta ba.